Lambar da Ke Ƙarƙashin Sunan Wahiba

Shekara talatin da huɗu ina dafa shayi a ƙofar kotun Damanhur, kuma kusan dukansu Ustaz Ratib yana gefena. Katako ɗaya ne ya raba rumfata da tasa. Shi yana rubuta wa mutane takardun koke da na ƙara, ni ina ba su abin jiƙa maƙoshi kafin a kira su ciki. Siriri ne, mai tabarau, ba ya fita sai da kwat ko da kwalta na narkewa don zafi. Mahaifinsa ma sana'ar nan ya yi, da alƙalami da tawada. Shi kuma ya fara da tafireta.

Marubuta biyar ne a layinmu, amma shi kaɗai ake yi wa laƙabi. Alƙalin Waje ake ce masa. Idan manomi ya zauna ya ce maƙwabcinsa ya ci masa kamu biyar na gona, sai Ratib ya cire tabarau ya dube shi.

"Biyar ka auna, ko biyar ka ji a zuciyarka?"

Wasu su tashi su koma rumfar Zaglul, wanda ba ya tambayar kowa komai. Wasu su sunkuyar da kai su ce, to, uku ne. Magatakardan kotu sun san takardarsa. In suka ga ta fito daga hannunsa, ba sa karantawa sau biyu. Bai tara abin duniya ba. Da yamma in an tashi kotu, sai ya zagayo ya zauna a bencina mu yi dara, ya cinye ni, ya tafi gida wurin matarsa Wahiba.

Da kwamfuta ta shigo layin, kowa ya saya. Yadda ake yi sananne ne. Ka sayi tsohuwar na'ura, ka kai wa mai gyara, ya ɗora maka babbar manhajar da ke tayar da ita daga wani faifai da aka kwafa, ka ba shi kuɗin kwanon wake. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan sata ba, har limamin unguwarmu haka tasa take. Ratib ya sayi tsohuwar na'ura kamar kowa. Sannan ya hau jirgin ƙasa ya tafi Iskandariya, ya dawo da manhajar ta asali a cikin kwalinta. Ta fi na'urar kanta tsada. Awarwaron Wahiba guda ɗaya ya tafi a wannan tafiya, da yardarta.

Zaglul ya leƙo ta saman katako, yana taunar burodi.

"Ustaz, an ce mai kamfanin can ya kwana uku bai ci abinci ba, sai da kuɗinka suka isa. Ya aiko da gaisuwa?"

"Zai aiko," in ji Ratib.

"Kai, Allah ya kyauta. Abin da ake rabawa kamar ruwan famfo."

Ratib ya ci gaba da share tebur. Can ya ce, "Wanda ya zo wurina an ci masa haƙƙi ne. Ba zan rubuta masa koke da alƙalamin sata ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, kaɗan.

A cikin kwalin akwai wata 'yar takarda mai sheƙi, ɗauke da haruffa da lambobi ashirin da biyar, an jera su biyar biyar. Ita ce shaidar cewa ka saya. In ba ita, faifan asalin ma ba ya amfani. Ratib ya manna ta a jikin na'urar. Da ya koma gida ya ɗauko Alƙur'anin Wahiba, wanda ta zo da shi daga gidan ubanta, ya buɗe bangon baya. A nan aka rubuta ranar aurensu da ranar haihuwar 'yarsu Nagat, domin abin da ba a so ya ɓata nan muke ajiye shi. Ya ɗauki alƙalaminsa na tawada ya kwafe lambar a ƙasa. Shi ya ba ni labari washegari, yana murmushi. Wai Wahiba ta ce masa, "Yanzu lambar inji za ka sa a ƙarƙashin 'yarka?" Ya ce mata, "Ita ma 'yar halak ce."

Shekaru suka wuce. Gefen da takardar take shi ne mai kallon rana, kuma kullum da safe yana goge na'urar da tsumma mai danshi. Ta koɗe a hankali har ta zama fara fat. Bai damu ba. Ya san inda ya ajiye.

Wahiba ta rasu da sanyin wata shekara, ciwon ƙoda. Nagat ta zo daga Kuwait inda take aure. Da za a yi sadakar arba'in, ta sayi sababbin Alƙur'anai goma, ta haɗa da na mahaifiyarta, don a ba masallaci waƙafi kamar yadda aka saba. Akan manna 'yar takarda a ciki mai sunan mamacin, don mai karatu ya yi masa addu'a. Ratib ya ce shi zai rubuta. Na tuna ranar. Ya mayar da mutum biyu, ya zauna gaban na'urar tun azahar har la'asar a kan layi uku. Ya buga guda goma sha ɗaya, ya ba Nagat, ta manna su da gam. Ta kai masallaci, ta koma Kuwait. A kwanakin ba ya tuna ko ya ci abinci, balle wata lamba.

Bayan shekara uku na'urar ta fara gajiya. Sai ta ɗauki lokacin dafa buta guda kafin ta tashi. Wani lokaci ta mutu a tsakiyar koke. Ni na ce masa ya bari in kai wa Subhi, mijin 'yata, wanda ke da shagon gyara a ƙarƙashin gidansa. Dama kowace Juma'a can nake cin abincin rana. Ratib ya dafa na'urar.

"Hajj Mitwalli, yaran nan hannunsu da sauri."

"Surukina ne. Ba zai ci amanata ba."

Ya ɗauki takarda ya yi rubutu, ya ninke, ya miƙo mini. Ya karanta mini abin da ke ciki kafin ya ninke, shi ya sa na sani. Ya ce manhajar ta saye ce, kada a wanke na'urar, wato a share duk abin da ke cikinta, in kuma ya zama dole a fara ciro lambar da ke ciki. Na sa a aljihun jallabiyata.

Na tarar da shagon Subhi a cike da abokansa, an dawo daga masallaci. Da ya ga abin da na sauke daga keke sai ya tafa hannu.

"Baba, wannan ba ta Alƙalin Waje ba ce? Har yanzu tana numfashi? A kai ta gidan tarihi mana, kusa da Fir'auna."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wannan ne mutumin da ya sayar da zinaren matarsa ya sayi iska?"

Suka kwashe da dariya. Hannuna ya kai aljihu, na taɓa takardar. Sai 'yata ta leƙo daga sama ta ce abinci na hucewa. Na ce wa Subhi, "A dai gyara masa ita ta yi sauri." Muka hau.

Subhi ba mugu ba ne. Yadda suke aiki ke nan, shi da duk masu gyara da na sani. Na'ura ta zo tana ciwo, a wanke ta tas, a ɗora kwafi, a mayar wa mai ita. Mutum ɗari za su zo, babu ɗaya da zai tambayi lamba. Har ya kwashe wa Ratib takardunsa ya mayar masa, bai ɓatar da ko ɗaya ba. Da safiyar Asabar ya kawo ta da kansa, ya jona, ya danna. Kafin in zuba kofi ɗaya ta tashi.

"Ka gani, Ustaz? Amarya. Kuma kada ka sa hannu a aljihu, don Baba na yi."

Ratib ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce mana. Na dai canza mata jini."

"Wadda na saya fa?"

"Na wanke. Ai duk ɗaya ne, wannan ma ta fi."

"Da lambar?"

Subhi ya sosa ƙeya. "Au, ta asali ce da gaske? Na ɗauka ba'a ake yi. Wallahi da an gaya mini, minti biyar ne. Lambar tana kwance a cikin na'urar, akwai abin da ake ciro ta da shi. Amma yanzu na wanke, na rubuta sabo a kai. Ta tafi."

"Ba ka ga takarda ba?"

"Wace takarda?"

Ina tsaye da buta a hannu. Ratib bai dube ni ba. Butar ya duba, ya daɗe, sannan ya ce wa Subhi, "Ba komai. Na gode da ɗawainiya." Ya kashe na'urar, ya ɗauko mayafinta ya rufe.

Subhi ya ce in faifan asali na nan, lambar kawai za a samo, shi zai mayar da komai yadda yake. Sayen sabuwa kuwa babu hanya. Irin waccan an daina kawowa shaguna, sababbin kuma wannan tsohuwa ba za ta iya ɗauka ba. A nan Ratib ya tuna da bangon Alƙur'ani. Na ga lokacin da ya tuna. Ya zauna a hankali.

Ya fito da tsohuwar tafireta daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura. Da la'asar ya nufi masallacin da aka kai waƙafin. Ba wanda ya ce in bi shi. Na rufe rumfa na bi.

Mun buɗe Alƙur'anai sun fi ɗari biyu, ɗaya bayan ɗaya. Mun sami sababbin nan guda bakwai da sunan Wahiba a ciki. Tsohon babu. Ladan ya ce duk azumi masu kuɗi na kawo sababbi, shi kuma sai ya kwashe tsofaffin ya aika wa ƙananan masallatan ƙauye. Ya ambaci ƙauyuka uku da yake zato.

Juma'a uku muka yi muna bi. A mota ba ma magana sai abin da ya zama dole. Yakan saya mana rake a tasha, ya miƙo mini nawa. A ta ukun muka isa Izbat Hamama, masallaci ne ɗan ƙarami a bakin magudanar ruwa, tabarmi shida. Tun daga ƙofa ya hango shi a kan kanta, mai koren bango da ya sha hannu. Ya ɗauka ya sumbata. Ya buɗe baya.

Takardar da ya buga da hannunsa ce ke nan, a manne tsaf. Sadaka mai gudana ga ran marigayiya Wahiba, a yi mata Fatiha. Nagat ta ga rubutun gida a bangon, ta ga bai kamata baƙi su karanta ba, sai ta rufe shi da ita. Daga sama har ƙasa, ba ta bar ko kusurwa ba.

Ya ɗaga wa hasken taga. Bango ne mai kauri, ba abin da ke ratsa shi.

Ladanin wurin, wani tsoho mai ido ɗaya, ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce, "Ɗana, wannan littafi ba naka ba ne yanzu, ba nawa ba ne. Amma in za ka ɗaga ka mayar yadda yake, ban ga laifi ba."

Ratib ya sa farce a kusurwa, ya janye. Ya sake sawa, ya janye. Ya ce, "Zai yage."

Ni na ce akwai dabara. Na san yadda ake ɗaga kan sarki daga jikin takarda da tururi ba tare da ya yage ba. Kada a tambaye ni inda na koya, shekara talatin a ƙofar kotu ba kwana talatin ba ce. Ladan ya kawo risho da buta. Na dafa ruwa, na riƙe bakin butar, Ratib ya riƙe bangon a sama. Gam ya fara saki. Yana ja a hankali, kusurwa ta ɗago, ranar aure ta bayyana. Muka ci gaba.

Kan sarki bugun inji ne. Ban taɓa gwada tururi a kan tawadar alƙalami ba.

Da muka kai tsakiya sai na ga shuɗi yana bin takardar. Na janye butar, amma ruwa ya riga ya zauna. Ratib ya yi sauri ya ja don ya ceci sauran, takardar ta rabe biyu, daidai kan sunan. Rabin Wahiba a hannunsa, rabi a bango. Ranar haihuwar Nagat ta zama tabo. Layin ƙasa kuwa, rukuni uku na farko sun fito sarai, na huɗu harafi biyu, sauran shuɗin ruwa ne kawai.

Ladan ya ce, "La haula." Ratib ya ciro alƙalami ya kwafe goma sha bakwai ɗin a bayan tikitin mota. Ya ba tsohon haƙuri sau uku. Ya ce zai kawo wata takardar.

Subhi ya dubi tikitin ya girgiza kai. Ya ce haruffa takwas ba a cankarsu, ko za a zauna ana gwadawa har tashin ƙiyama. Ya ce, "Ustaz, don Allah ka yi amfani da wadda ke ciki. Ai ka biya tun tuni. Haƙƙinka ne." Maganar tana da kan gado, ni ma na faɗa masa haka. Ratib ya ce wanda ya sayi jaki ya ɓata, ba ya kwance na maƙwabci ya ce ai ya taɓa biya.

Takardar sunan Wahiba da hannu ya rubuta ta. Ya koma Izbat Hamama shi kaɗai ya manna. Bai gaya mini ranar ba.

Wata biyu yana kan tafireta. Zaren tawadarta ya bushe, wanda ya samo a wani tsohon shago ma rabin bushewa ne. In ya yi kuskure a layin ƙarshe sai ya sake shafin daga farko. Magatakardan kuma sababbi ne yanzu, yara, suna juya takardar suna cewa ba ta fita sosai, a je a sake. Mutane suna zuwa su gaishe shi da girmamawa, su wuce rumfar Zaglul. Wata rana tun safe har aka tashi, mutum ɗaya ya zauna a gabansa, shi ma hanya yake tambaya. Nagat ta bugo waya ta ce za ta aiko da sabuwar na'ura. Ya ce mata lafiyarsa lau, aiki ma ya yi masa yawa.

Wata ranar Laraba wata mata ta zo da hantsi, baƙaƙen kaya, da jaka cike da takardu. 'Yan'uwan mijinta sun sami hukunci a fitar da ita daga ɗakin da take ciki da 'ya'yanta. Ranar ce ta ƙarshe ta ɗaukaka ƙara, kuma ana rufe karɓa da azahar. Sauran rumfunan duk layi. Ratib ya karanta takardunta, ya yi mata tambayoyinsa, ya ce tana da gaskiya. Shafi shida ake bukata, kwafi uku. Ya sa takarda a tafireta ya buga layi biyu. Ya dubi agogon kotu. Ya dubi matar.

Ina wanke kofuna na ji ƙarar da na yi wata biyu ban ji ba. Na leƙa. Mayafin yana ninke a kan kujera, allon ya haska.

Ya gama da saura rabin awa. Ta shiga, aka karɓa. Daga baya na ji an bar mata ɗakin. Babu magatakardan da ya ɗaga takardar ya shinshina, babu alƙalin da ya tambayi da me aka buga ta. Ta fito kamar kowace takarda da ya taɓa bugawa da na'urar a shekara goma sha biyar.

Zaglul ya leƙo ta saman katako. Na zaci zai yi tsiya. Da murya mai taushi ya ce, "Barka da shigowa cikin mutane, Ustaz."

Ratib ya ce, "Yauwa."

Bai sake rufe ta ba. Aiki ya dawo, har ya fi da. Yana nan har yau, da kwat ɗinsa da tabarau. Kullum da safe yana gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi 'yata da jikokina, har Subhi yana tambaya. Yana shan shayina. Dara ce dai ya ce idonsa ba ya gani sosai da yamma.

Shekaranjiya wani mai gona ya zauna a gabansa, ina jin su ta katako. Ya ce ɗan'uwansa ya ci masa kamu goma. Na dakata da zuba ruwa, ina jira ya cire tabarau. Sai na ji yatsunsa a kan madannai.

"Goma," in ji shi. "Sai me?"

Takardar nan da ya ba ni tana cikin gwangwanin da nake ajiye ganyen shayi, a ƙasa, har yanzu a ninke. Sau biyu na ciro ta da niyyar zagayawa in ba shi haƙuri. Katako ɗaya ne tsakaninmu, amma duk lokacin sai in ga yana da mutane.